Takardun Nidia

Da Nidia Palomeque ta dawo daga binne abokin zamanta Evaristo, ta tarar an fasa tagar ɗakinsu. Ba a taɓa talabijin ba, ba a taɓa sarƙarta ba. Gwangwanin biskit ɗaya aka ɗauke.

Sufeto Yolima Arboleda ta ofishin 'yan sandan garin Honda ta tsuguna a tsakar gida tana duba gilashin. A waje ya zube, ba a ciki ba.

"Me ke cikin gwangwanin?"

"Hotunanmu. Katin asibiti mai sunana a matsayin matarsa. Shekara goma sha tara muna tare, amma ba mu je coci ba, ba mu je kotu ba."

Yolima ta gane. Matar aure takarda ɗaya ta ishe ta. Wadda ba a ɗaura wa ba, sai ta kawo wa alƙali hujjar zama, in ba haka ba a fitar da ita daga gidan.

Ta fara da Amparo, matar da Evaristo ya saka tuntuni, mai sayar da kifi a bakin kogi.

"Kin tsani Nidia?"

"Sosai ma. Amma an raba aurenmu, ko cokali ba zan gada ba. Ina coci har aka tashi, tambayi Fada, limamin cocin. Wanda ya sulale ana tsakiyar addu'a shi za ki nema. Fabio."

Fabio ƙanen mamacin ne. Evaristo bai bar ɗa ba, iyayensu sun rasu. Yolima ta je wurin Fabio.

"Ina ka je ana addu'a?"

"Shan iska. Ranki ya daɗe, matar nan 'yar jinya ce kawai, bara ta zo. Ta nuna hoto ɗaya mana, in tana da shi."

"Wa ya ce maka hotuna aka sata?"

Yolima ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Da makulli aka shiga, aka fasa taga daga ciki don a ce ɓarawo ne. Makulli biyu ne, nata da wanda yayanka ya ba ka. In ta rasa hujja, gidan naka ne."

A bayan gidansa aka sami gwangwanin, cike da toka.

Nidia ta zauna a ofis tana kallon tokar. "To yanzu da me zan je gaban alƙali?"

Amparo na tsaye a bakin ƙofa, ba ta ko cire rigar kasuwa ba.

"Da ni," in ji ta. "Ranar da kika shiga gidan Evaristo, kwana uku na yi ban ci abinci ba. Wa ya fi ni sanin shekarar?"