Ruwan Ya Koma Talatin da Biyar

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin Juma'a aka tura Sufeto Atine wani gida a garin Lanham. An tsinci gawa a ɗakin ƙasa. Matar gidan ta daina Turanci tun da ta ga gawar mijinta, Atine kuwa ita kaɗai ce mai jin Hausa a ofishin.

Mamacin, Injiniya Idrissa, mutumin Damagaram ne. Yana kwance rigingine, ƙeyarsa a fashe, kusa da ƙafar wani tankin gilashi mai tsawon gado. Kifayen teku masu launi suna ta yawo a ciki tsakanin murjani mai rai, irin wanda ke tsirowa a ƙarƙashin teku. A gefen tankin an ɗaura wata farar na'ura mai girman kwalin takalmi, siraran bututunta a nutse cikin ruwan.

"Santsi ne ya kwashe shi," in ji abokiyar aikinta, Sajan Edna, da Turanci. "Taka kafet ɗin ki ji."

Atine ta taka. Ruwa ya ɓulɓulo ta gefen takalminta.

"Bokiti nawa kike gani ya zube nan?"

"Biyar, ko shida."

"To, daga ina? Tankin cike yake fal."

A kicin ta sami matar, Ɗija, zaune ba hawaye.

"Sannu, Hajiya. Allah ya jiƙansa."

"Amin."

"Ina kike daga azahar?"

"Wheaton. Cefane."

"Ina cefanen?"

Ɗija ta dubi teburin da ba komai a kansa. "Ban samu abin da nake so ba."

Atine ta rubuta. "Wannan farar na'urar fa?"

"Ita ce ta cinye shi da ransa. Wai tana auna ruwan kifi da kanta, ta aika wa mutum sakamako a salula. Mutum ɗari tara suka yi karo-karo ta intanet don ya ƙera musu irinta. Shekara da wata biyu ke nan suna jira, suna zagi. Kada ki tambaye ni yadda take aiki, Madam. Gishirin da na sani na miya ne."

"Na ga bokitai shida a ƙasa, an wanke an kife su a jere. Ke kika wanke?"

"Ba na sauka can. Shi kuwa bai taɓa wanke bokiti ba tun da na san shi."

Ana cikin haka sai ga wani dogo ya shigo yana salati da ƙarfi. Kabir ke nan, Bakano, abokin aikin mamacin. Shi ne fuskar da ke cikin bidiyon neman tallafin, saboda Turancin Idrissa da Faransanci yake gauraye. Ya ce daga masallacin Juma'a gida ya wuce, rabonsa da nan tun Laraba.

Ya ja Atine gefe, ya rage murya.

"Ranki ya daɗe, ba na son shiga tsakanin miji da mata. Amma a gabana ta ce wata rana sai ta fasa masa tankin nan a ka. Akwai kuma wani Gregory cikin masu tallafin, ga irin saƙonnin da yake turo mana."

Ya nuna mata waya. Zagi ne tsagwaronsa, da alwashin zuwa har gida.

Washegari likitan gawa ya kira. Ƙeyar ta bugu da ƙarfen tankin, kuma akwai sawun yatsu a damatsan mamacin. Ba santsi ba ne.

"Ba nan take ya mutu ba," likitan ya ƙara. "Ya yi kusan awa guda yana numfashi. Da an kira motar asibiti, da yanzu yana gadon asibiti yana ƙorafin abinci."

Edna kuma ta gano inda Ɗija ta je. Ba Wheaton ba, Upper Marlboro, wurin lauyan rabuwar aure. Ta fito ƙarfe sha biyu da rabi, ba wanda ya sake ganinta sai huɗu.

"Ƙarya, dalili, lokaci," Edna ta lissafa. "Shugaban ofis ya ce a kamo ta."

"Ki ce masa ya ba ni kwana ɗaya."

Gregory tsohon direban bas ne mai ƙiba, falonsa duk tankuna. Ya rantse bai san ko hanyar Lanham ba. Atine ta ce wata maƙwabciyar mamacin ta ɗauki lambar motarsa.

"To, na je! Ranar Alhamis. Na buga ƙofa, na kira shi ɓarawo, na dawo. Juma'a kuwa ina wurin wankin ƙoda tun safe, je ki tambaya."

Ta miƙa masa takardar sakamakon awon na'urar da aka buga daga wayar mamacin. "Karanta min wannan."

Ya sa tabarau. Fuskarsa ta sauya.

"Ashe dai abin yana aiki," ya ce a hankali. "Duba nan. Sha biyun rana, gishiri talatin da biyar, daidai yadda murjani ke so. Ɗaya da minti goma, ruwa ya ragu farat ɗaya, bututu ya cire ke nan. In ruwa ya ragu, akwai ƙaramin famfo da ke cike gurbin da ruwan daɗi. Shi ya sa gishirin ya faɗo talatin da ɗaya. In aka bar shi haka, kafin safiya murjanin ya fara ruɓewa."

"Sai kuma?"

"Sai wani ya kashe famfon, ya dama ruwan gishiri, yana zubawa kaɗan-kaɗan. Talatin da biyu. Da uku. Da huɗu. Ƙarfe biyu daidai, talatin da biyar. In ka zuba gaba ɗaya, ka kashe su. Wannan hannun gwani ne, kuma mai ƙaunar tankin nan."

"Matar gida za ta iya?"

Ya yi dariya har da tari. "Ni na shekara ashirin a harkar nan, ban tabbata zan iya cikin minti hamsin ba."

"Duk bayan awa nawa na'urar ke awo?"

"Shida, haka suka yi mana alkawari." Ya sake duba takardar. "Amma nan sau biyar ta auna cikin awa guda. Wani ne yake danna mata umarni."

Ranar Lahadi da safe aka binne Idrissa. Da la'asar gidan ya cika da masu gaisuwa. Matan da ke falo sun bar tazarar kujera biyu tsakaninsu da Ɗija, domin maganar lauya ta riga ta zaga gari. Atine ta nemi Kabir, aka ce ya sauka ƙasa.

Ta same shi ya naɗe hannun riga, yana ba kifi abinci da ɗan cokali. Edna ta tsaya a gindin matakala.

"Malam Kabir, ana karɓar gaisuwa a sama."

"Amana ce, ranki ya daɗe. Su ba su san an yi rasuwa ba."

"Wane ne ya yi huɗuba ranar Juma'a?"

"Liman mana."

"Liman yana Umra. Baƙo ne ya yi."

Cokalin ya tsaya.

"A baya na zauna, ban lura ba."

"Waya nawa ke iya ba na'urar nan umarni?"

"Biyu. Tawa da ta marigayi."

"Tasa tana caji a ɗakin sama tun safe. Taka ce ta nemi awo sau biyar, daga ɗaya da minti goma sha takwas zuwa biyu. Kuma da intanet ɗin gidan nan take haɗe. A sahu na nawa kake a lokacin?"

Atine ta ci gaba.

"Mun kuma ga takardar mallakar ƙirƙirar na'urar a jakar marigayi. Sunanka kaɗai ke jiki."

Kabir ya ajiye cokalin, ya goge hannu da tawul, yatsa bayan yatsa.

"Wa ya san Idrissa? Ni mutane suka gani suka yarda. Ya ga takardar, ya ce zai rubuta wa duk ɗari taran ya tona ni. Ya ci kwalata, na riƙe shi na ture. Da zai faɗi ya fizgo bututu. Ban yi niyya ba, wallahi."

"Na yarda. Sai ka kira motar asibiti?"

"Ruwa ne ke zuba! Kin san shekara nawa murjanin can ya yi kafin ya kai haka? Bakwai. A wannan tankin za mu nuna wa duniya na'urar ranar Asabar mai zuwa. Na ce bari in daidaita ruwan tukuna."

"Yana numfashi?"

"Yana yi."

"Ya yi magana?"

Kabir ya dubi kifayen. "Ya kira sunana. Sau biyu ko uku. Dole in riƙa tsallake shi da bokiti. Da na gama na duba, ya yi shiru."

"Sai ka wanke bokitai."

"Gishiri yana cin roba in an bar shi."

Edna ta juya shi, ta sa masa ankwa.

Sai a lokacin Atine ta ga Ɗija tsaye a tsakiyar matakala, mata uku a bayanta. Ta sauko a hankali. Wannan ne karon farko da ta taka ɗakin da son ranta.

"Madam, minti nawa?"

Atine ba ta rage mata ko ɗaya ba. "Hamsin."

Ɗija ta gyaɗa kai. Ta zagaya bayan tankin, ta sunkuya, ta kama babbar wayar wutar da ke jikin bango ta fizge. Fitilu suka mutu. Ƙugin injin ya tsaya, ruwan ya kwanta.

"Ke! Mayar!" Kabir ya yi kukan kura, Edna ta riƙe shi. "Ranki ya daɗe, ki hana ta! Ba iska, za su mutu!"

"Gidanta ne," in ji Atine. "Mu je."

Aka ratsa da shi ta tsakiyar masu gaisuwa. Har aka tura kansa cikin mota yana waiwaye, yana roƙon wani ya sauka ya mayar da wutar.