Rabin Hoto

Ranar da Zuliha ta fara ganin Musbahu, tabilet ɗin hannunta ce ta haɗa su. Ƙungiyar manoman rani ta ɗauke ta aikin ɗaukar hotunan gonaki tsakanin Kura da Bunkure, aka ba ta wata tabilet mai sanyin jikin tsiya. In aka turo mata babban hoto, daga sama yake fara buɗewa, a hankali, kamar ana warware tabarma.

Ta iske shi a gonarsa ta can ƙarshen kanal, yana duban shinkafar da ƙishi ya fara yanƙwanawa.

"Sun buɗe ruwa tun safe, an turo min hoton," ta ce. "Jira ka gani."

Ya leƙo. Sararin samaniya ne kawai da kan bishiyar darbejiya.

"Malama, sama kam na gani. Can ma babu ruwa."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Kafin hoton ya gama buɗewa ya san sunanta da unguwarsu. Daga ranar ya sa mata Malama Jira, ita kuma ta ce masa Manomina.

Da zancen aure ya taso, mahaifinta, Malam Dattijo, ya ce bai ji wannan magana ba. Gonarsa a bakin ƙofar ruwa take, don haka yake ganin na ƙarshen kanal kamar 'yan cin ragowa. "Wanda ruwa ma sai ya rage yake isa gonarsa, da me zai riƙe min 'ya?" Shi Salim ya fi kwanta masa, mai shagon taki a Kura. Bai ce dole ba, amma ya ce wancan dai a'a.

Musbahu bai yi gardama ba. Ya tara maƙwabtan gonarsa suka shiga yashe kanal, laka har gwiwa, ya turo mata saƙo:

"Malama Jira, ki ƙara min haƙuri. Ruwan zai iso, ni ma zan iso."

Duk kukan da ta sha a wannan tsakanin, a kafaɗar Muhsina ta yi shi, 'yar Baffa Sammani, wan mahaifinta. Muhsina kan tsokane ta: "In Baba ya hana, ki bar min shi, kada ya fita daga dangi." Su yi dariya.

Da kaka aka tura Zuliha aiki wajen Garun Mallam, ta sauka gidan Gwaggo Hawwa. Wata la'asar saƙon Salim ya shigo, da hoto a ƙarƙashinsa:

"Yau an kai goro gidan su Muhsina. Ki duba angon."

Hoton ya fara sauka. Ga saman ƙofar gidan Baffa, koriyar nan da ta sani tun tana rarrafe. Ga hula. Ga fuskar Musbahu, cikin sabuwar shadda, yana murmushin da take zaton nata ne ita kaɗai. Ga Muhsina a gefensa da tire a hannu, baki har kunne. Daidai ƙirjinsu hoton ya tsaya, ɗan da'irar nan ta yi ta juyawa.

Ko Salim ya san halin tabilet ɗin, ko sa'a ya ci, Allah masani. Ita dai Zuliha, mai ce wa kowa jira, ba ta jira ba. Ta kife tabilet a kan katifa. Na Musbahu ya yi mata ciwo, amma na Muhsina ya fi cin ranta. Ashe duk wasan nan ba wasa ba ne? Ta ba ta sirrinta, ta nuna mata saƙonninsa, ita kuwa tana auna shi da kanta!

Ta rubuta wa Musbahu: "Allah ya sanya alheri. Na gode da ka nuna min matsayina. Kada ka sake nemana."

Sai ta kira mahaifiyarta. "Inna, ki gaya wa Baba na janye. Salim ɗin ma na yarda."

"Ke Zuliha, tsaya ki ji..."

Ta katse, ta kashe wayar. Gwaggo ta yi tambayar duniya, ta ce ciwon kai ne.

Washegari ta fita aiki idanu a kumbure. A kan gadar babban kanal, inda sabis ke da ƙarfi, ta kunna tabilet don tura hotunan tumatir, sai ga wancan hoton ya ƙarasa kansa ba tare da ta roƙe shi ba.

A ƙasan na tsaye, dattawa ne zaune kan tabarma, ga ƙwaryar goro a tsakiya. Baffa Sammani na kusa da ƙofa. A damansa kuwa, da jar dararsa, hannuwa a sama ana fatiha, Malam Dattijo ne.

Ta zauna a bakin gadar. A danginsu uba ba ya ba da 'yarsa da kansa, ɗan'uwansa ke bayarwa, a ƙofar gidan ɗan'uwan ake kai goro. Da na Muhsina ne, a ƙofar gidansu Zuliha za a zauna. Ta san wannan tun tana 'yar firamare, kishi ne ya shafe mata shi.

Ta kunna waya. Muhsina ta rubuto: "Amarya! Babanki ya je ya ga shinkafar Musbahu da idonsa, ya sauko. Ya hana a gaya miki sai an gama." A ƙarƙashi sai na Musbahu, layi ɗaya: "Me na yi miki, Zuliha?" Ko Malama Jiran babu.

A gida Malam Dattijo bai ɗaga murya ba, wanda ya fi duka zafi. "Na zubar da maganata a gaban mutane saboda ke, kafin goro ya huce kin aiko da wata. Innarki ta riga ta sanar da mutanen Musbahu. In yaron ya haƙura da ke, ba ruwana."

Ta samu Musbahu a gona, yana ɗaure dami. Bai ɗago ba.

"Manomina."

"Na ji an ce mai taki kika zaɓa."

Ta miƙa masa tabilet, ta rufe rabin hoton na ƙasa da tafin hannunta. "Iya nan na gani."

Ya daɗe yana kallo. Ya janye hannun nata da kansa, ya ga tabarmar.

"Hoton ƙofar ruwa kin tsaya a rana ya buɗe," ya ce. "Ni da na yi damina guda a cikin laka dominki, ba ki ba ni ko wannan ba. Da me zan ji, da kin ɗauke ni maci amana, ko da kin yar da ni cikin yini ɗaya?"

"Ba ni da abin cewa. Na zalunce ka, na zalunci Muhsina. Ka yafe min."

"In na yafe, gobe wani ya sake turo rabi fa?"

"Sai in zo in tambaye ka sauran."

Ya juya ya ci gaba da ɗaurinsa. Ta tsaya. Rana ta dake ta, ƙaiƙayi ya cika mata ƙafa, ba ta motsa ba har ya ƙare layin. Sannan ya waiwayo, dariya na neman kufce masa.

"Har yanzu kina nan, Malama Jira?"

A nan kukan ya zo mata.

Muhsina ta ja aji sosai kafin ta huce, amma ita ta yi babbar ƙawa. Salim kuwa ya daina bin layinsu. Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure a ƙofar Baffa Sammani, Malam Dattijo ya dafa kansu ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.

Da safe mai hoto ya turo na bikin. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa, hoton ya sauko ya nuna hular ango da goggoron amarya, ya cije.

Musbahu ya dube ta. "To, wa kike ganin na aura?"

Zuliha ta gyara zama, ta ɗora tabilet a cinyarsa, ta riƙe hannunsa. "Ba inda za ni. Bari ya gama."