Katangar da Aka Miƙar

Magariba ta kusa, Mai Zane kuwa yana nan inda ya wuni, a gaban kwamfuta, wuyansa ya sage, shayin da matarsa ta ajiye masa tun la'asar ya huce har ƙuda ya faɗa ciki.

Aikinsa gyaran siffofi ne. Kamfanoni kan aiko masa da siffar abu yadda na'ura ta ɗauko ta, ko kujera, ko marfin inji, ko tafin takalmi, ta zo cunkushe da dubban ɗigo da layukan da suka hau kan juna, shi kuma ya zauna ya yi ta shara. Inda gefe biyu suka kusa haɗuwa ya haɗe su. Inda lanƙwasa ta zo da ɗigo ɗari ya mayar da ita huɗu, har fayil ya yi sauƙi, manhaja ta daina nishi. A nan ya yi suna. Abokan aikinsa kan tsokane shi cewa in ka ba shi hoton maciji, sanda zai dawo maka da ita.

Yana cikin haɗe wani gefe ya ji ƙwal a kan rufin kwano. Ya saurara. Sai wani, sai wani, a hankali, kamar mai jifan ma ba shi da ƙarfin jifa.

"Baban Auta, ka ji?" in ji matarsa daga bakin ƙofa.

"Yaran maƙwabta ne," ya ce, ko waiwayowa bai yi ba.

Da safe ta tsinto abin da aka jefo ta zube masa a kan tebur. Ɓaraguzan gini ne masu shuɗin fenti a gefe ɗaya. Ya gane su. Fentin tsohuwar katangarsu ta baya ne, wadda aka rushe, mota ta kwashe ɓaraguzanta kakaf a kan idonsa.

Katangar nan tun da suka shigo gidan suka same ta da wata lanƙwasa, ta turo ciki cikin tsakar gida ba gaira ba dalili. Da ya tashi yi wa kansa ɗakin aiki, ya ɗauki siffar gidan da na'ura, katangar kaɗai ta zo da ɗigon da ya sa kwamfutar ta tsaya cik. Mutumin naku bai ɓata lokaci ba. Ya danna farkonta, ya danna ƙarshenta, ya ja layi miƙaƙƙe, ya share abin da ke tsakani. Magina suka bi zane, kuma a filin da aka samu ɗakinsa ya tsaya.

Daga ranar jifan bai ƙara fashi ba. Da rana ta yi ja sai a fara, ba ya wuce sallar isha'i. Bayan jifa sai numfashi. Yana zaune zai ji shi a bayansa, daga cikin sabuwar katangar, doguwar ajiyar zuciya irin ta tsohuwar da ta sha tafiya. Layukan da ya miƙar jiya kuma, ya buɗe fayil da safe ya tarar sun ɗan karkace, ya sake miƙar da su, gobe su koma. Aikin wuni ɗaya ya zama na mako. Gajiya ta cinye shi har tsoron ma ya rasa wurin zama a jikinsa.

Sannan abin ya koma kan Auta, ƙaramar 'yarsu, wadda ba ta daɗe da shiga sakandare ba. Yarinya mai surutu kamar rediyo ta yi tsit. Bayanta ya soma ranƙwafawa, kullum ƙari, har ta koma tafiya tana kallon ƙasa. Aka je asibiti, aka ɗauki hoto, likita ya ce ƙashi lafiya lau. Da magariba sai ta shigo ɗakin mahaifinta ta jingina da katangar, ta zame, ta sake jingina, ta sake zamewa. Wata rana ta ce, da muryar da ba tata ba, "Babu wurin jingina."

Uwar ba ta nemi shawarar kowa ba, ta aika aka kira Malam.

Dattijo ne siriri mai yi wa mutane ruƙiyya, da ganinsa ka san daga wani gidan ya fito, wani kuma yana jiransa. Ya zauna a kan darduma a ɗakin aikin, ya sa uwar ta riƙe yarinyar, ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Hasken taga ya yi ta raguwa. A kan rufi aka yi jifa ɗaya, aka daina.

Auta ta ɗago kai. Idanun nata ne, amma kallon na wata ce.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni, ni kuwa ba faɗa na zo yi ba."

"Wace ce ke?"

"Mai wurin. Tun kafin a kafa gidan nan nake kishingiɗa a nan. Wanda ya fara gini ya ji ni, ya kewaye ni. Wannan kuwa," ta nuna Mai Zane da haɓa, "ya taɓa can, ya taɓa can, ya ce babu komai a tsakani."

"Yarinyar fa, me ta yi miki?"

"Ba ta yi komai ba. Ita kaɗai ce mai laushi a gidan, komai an miƙar. Ku bar ni a jikinta, ba zan daɗe ba. Shekara ɗari ko ɗari biyu suka rage min."

Uwar ta fashe da kuka. Malam ya ce wannan kam ba zai yiwu ba, ya koma karatu, har muryar ta fara kakari tana neman afuwa.

"To a dawo min da wurina."

Mai Zane ya yi wuf ya ce, "Zan zana miki lanƙwasa yanzu-yanzu, wadda ta fi waccan kyau, sumul."

"Ba kowace ba. Tawa."

Malam ya dube shi. "Ai kana da tsohon zanen, ko?"

"Na goge shi, Malam. Ya yi nauyi."

Matarsa ta yi masa kallon da bai taɓa gani a fuskarta ba. Ya ji kunya, ya ji tsoro, ya rasa wanda ya fi.

Can muryar ta ce, a gajiye, "Ni ban san lissafinku ba. Bayana ne ya san wurin. Ga shi nan na taho da shi."

Sai a lokacin ya dubi bayan 'yarsa da idon sana'arsa. Yadda ya faro a hankali daga wuya, ya zurfafa a tsakiya, ya saki a ƙugu. Katangar ce. Wata da watanni tana yawo a gabansa bai gane ta ba.

Ya shimfiɗa babbar takarda a ƙasa. Uwar ta kwantar da Auta a gefenta, ta tallafe mata kai. Ya durƙusa da fensir, ya sa ɗigo a wuya, hannunsa ya zarce tsakiyar baya kamar yadda ya saba.

"Kada ka tsallake," in ji muryar.

Ya dawo. Ya ɗora yatsa a kan rigar, ya bi ƙashin bayan gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da ɗigonta. Ƙasusuwan duk sun fito, yarinya ta rame ƙwarai, kuma tausayinta ya kama shi. Bai yi sauri ba. Aka kira magariba, aka idar, yana durƙushe.

Da Mai Zane ya kai ƙarshe, Malam ya sa mai wurin ta yi alkawarin fita yanzu, ta jira a waje har a gama gini, ba jifa, ba taɓa kowa. Ta ce ta yarda, amma a gaya wa magina kada su yi nawa, ƙafafunta sun gaji. Auta ta ja dogon numfashi ta sake shi, jikinta ya yi laƙwas, barci ya ɗauke ta. Bayan dai yana nan a ranƙwafe. Malam ya naɗe dardumarsa ya ce jiki sai a hankali.

Mai Zane ya shigar da ɗigon cikin manhaja ɗaya bayan ɗaya, ya faɗaɗa su zuwa girman katanga, bai cire ko guda ba. Shugaban magina ya juya takardar sama da ƙasa ya ce, "Yallaɓai, mu muka miƙar, mu kuma za mu karkatar?" Aka ce masa ƙwarai kuwa. Aka rushe ɗakin aiki, tebur ya koma lungun falo kusa da firiji. Bulo yana hawa bisa lanƙwasa, bayan Auta yana saki kaɗan-kaɗan.

Ranar da aka gama shafe, da yamma, yana lungunsa yana aiki sai ya ji mutum a kansa. Auta ce da kofin shayi, tsaye kyam, uwarta a bayanta tana ninke wanki. Ya dube ta, ya sake dubawa. Kanta ya wuce kafaɗar uwar.

"Abba, lafiya kake ta kallona?"

"Yaushe kika yi tsawo haka?"

Matarsa ba ta ɗago daga wankin ba ta ce, "Tun bara."