Wanda Ya Riƙe Shi A Bakin Famfo

"Ni dama Telan nan bai taɓa kwanta min ba!" Inna ta faɗa a bakin ɗakin tiyata. "Yaro na ihu, ka danne shi kana ɗura masa ruwa a ido? Na kawo madara ya ture ni!"

Mai Sabulu dai carbi take ja.

Tun rasuwar mijinta sabulu take yi, da shi take riƙe Lele, ɗanta tilo. Tela maƙwabcinsu ne, kullum "Hasken idona" yake ce mata, Inna, mahaifiyarta, na hana aurensu.

Ranar nan Lele ya jawo robar ruwan sodar haɗa sabulu, ta fantsamar masa a ido. Tela ya suro shi sai bakin famfo, ya buɗe idon da yatsu, ruwa na zuba, ya ƙi saki.

Har dukan bayansa Mai Sabulu ta yi.

"Da ɗanka ne ba za ka yi masa haka ba! Kada ka ƙara tako min gida!"

Ƙofar ɗakin tiyata ta buɗe, likita ya fito.

"Mun ɗebo 'yar fata daga gefen lafiyayyen idon mun dasa a wanda ya ƙone. In sha Allahu zai gani. Wa ya wanke masa tun a gida?"

Mai Sabulu ta sunkuyar da kai.

"Ku yi masa godiya. Soda ci take yi tana shiga ciki. Da ba a daɗe ana wankewa ba, da ba mu sami abin gyarawa ba."

Inna ta hau gyaran mayafi.

Da Lele ya farka, fuska duk bandeji, hannu ya miƙa.

"Mama... ina Baba Tela?"

Innalillahi! Ko takalmi ba ta saka daidai ba ta nufi shagonsa.

Ta tarar ya ɗaure keken ɗinkinsa da igiya, mota na jira, zai bar garin.

"Ya jikin yaron, Maman Lele?"

Maman Lele! Yau babu Hasken idona.

"Zai gani... saboda kai. Na cuce ka, masoyi."

"Dukan bai dame ni ba," ya ce a hankali. "Ni na ɗauka ɗana ne."

Direba ya danna hon.

Ta riƙe bakin igiyar, hawaye na zuba.

"Gobe za a buɗe idon. Kai yake tambaya... Don girman Allah, ka kwana ɗaya, ka zo ya fara ganinka?"