Furar da Fanna Ta Zubar a Kogi

Ranar da aka aiki Sa'idu dogari ya kirawo Mala Fannami gaban alƙali kan rigimar iyakar gona, ranar kwanciyar hankalinsa ta ƙare. Zamanin nan ganuwar Haɗeja na tsaye, ba wanda ya taɓa ganin Nasara.

Ya yi sallama a zaure, sai ga budurwa ta fito da taɓarya a hannu.

"Baba na sallar walaha. In ka matsu, ka kama ni."

"Ba kamu na zo ba, 'yar Mala. Kira ne."

"To bulalar fa? Ita ma kiran ta zo?"

Sunanta Fanna. Shi kuwa daga ranar ta raɗa masa Malam Bulala, don duk gari an san shi da abu biyu. Da safe yana tsaron kasuwa. Bayan la'asar sai ya rataye bulala a tsamiyar bakin kogi, ya zauna yana biya wa masunta da 'yan dako karatu, dattawa masu gemu da ba su taɓa riƙe allo ba.

Da ya fara zuwa zance ta ce, "Da safe ka zane mutum, da yamma ka koya masa alwala?"

"Ban taɓa dukan wanda ya iya Fatiha ba. Shi ya sa nake gaggawar koya musu."

Ta yi dariya har ta dafa bango. Mutum kan rayu shekaru a kan irin wannan dariya, kuma ba ya sanin haka sai ta ɗauke.

Mala bai yi dariya ba. Ya ce jikokinsa ba za su tashi a gidan da mutane ke sauya hanya in sun hango jar rigar maigidan ba. Shi Ja'afaru yake so, wani farke mai safarar kanwa daga Barno, mai ƙamshi da fararen haƙora.

Sa'idu ya tsani haƙoran nan. Duk ranar kasuwa sai ya duba mudun Ja'afaru, kullum kuma mudun daidai yake. Wannan ya fi komai ƙona masa rai.

Da damina ta yi tsaka, Mala ya ce, "Shinkafata ta fadama na son noma. Mai son Fanna ya kawo gayya ranar Asabar, in ga wa ke da mutane."

Sa'idu ya tara ɗalibansa, kowa da fartanya. Suna fitowa ƙofar gari aka ce kogi ya kawo, jingar da ke tare ruwa daga unguwar masunta ta fara tsagewa.

Shu'ibu, babban ɗalibinsa, ya ce, "Malam, gona ko jinga?"

Ya dubi hanyar gona. Ya ce, "Jinga."

Daga kan jingar ana hango gonar Mala a ƙetare. Sa'idu na ɗibar laka yana jin gangar gayyar Ja'afaru. Da rana ta take ya ɗaga kai, ya ga Fanna ta durƙusa tana miƙa wa Ja'afaru ƙwaryar fura da hannu biyu. Lakar da ya maka wa jingar bayan nan, ba don Allah kaɗai ya maka ta ba.

Jinga ta tsaya. Ruwan da ya rasa hanya ya juya ƙetare, ya shanye shinkafar Mala da noman Ja'afaru gaba ɗaya. Mala ya rantse ko sallamar dogarin ba zai ƙara amsawa ba. Ja'afaru ya ɗaure jakunansa ya tafi ɗauko kanwa, ya ce a ajiye masa yarinya.

Sa'idu ya daina zuwa zance. Da ruwa ya janye, ya kai ɗalibansa gonar ba tare da neman izni ba. Suka kafa jigon ban ruwa, suka shuka alkama, karatu ya koma bakin gona.

Wani hantsi yana jan jigo sai ya ji murya a bayansa.

"Malam Bulala, gonarmu kake nema ko ni?"

Bai waiwayo ba. "Ki tambayi mai shan fura."

"Au! Kai ne ma mai fushi? Wannan furar Baba ya ce in kai. Taka ni na dama da zuma, na ratso ruwa har ƙugu. Me na tarar? Mairo bazawara goye a bayanka a bakin jinga, ta zagaye wuyanka da hannu."

"Ƙafarta ce ta karye!"

"Duk mazan Haɗeja ba mai baya sai kai?"

"To ina furar?"

"Kifi ya sha."

Ya saki jigon, guga ya faɗa ruwa. "Fannata, kishi kika yi?"

"Allah ya sawwaƙe. Hannuna ne ya gaji."

Mala ya zo ya tsaya kan alkamar lokacin da ta yi zangarniya. Ya daɗe yana murza gemu, sannan ya ce, "Ja'afaru ya yi mini yini guda da ganga. Wannan ya yi mini rani guda, ko tafi ba a yi masa ba. Yaro, ka turo manyanka."

Aka ɗaura aure bayan girbi, da alkamar gonar aka yi alkakin biki. Masunta suka shafa fatihar da ango ya koya musu, suka ce Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya mai albarka. Allah kuwa ya karɓa.

Har suka yi jikoki, in ta so tsokana sai ta ce, "Malam Bulala, da Ja'afaru aka ba, me za ka yi?"

Kullum ya ce, "Da na kama shi kan mudu."

Amsar gaskiya yana ajiye da ita, yana jiran ranar da ta dace. Mata kuwa suna da wannan hali na riga mutum tafiya ba shawara. Wani zazzaɓin lokacin kaka ya ɗauke ta, shi yana bakin kogi yana biya karatu.

Abin da ya so faɗa mata ba shi da tsawo: da na ajiye bulala da allo, na bi ayarinsa ina yi masa dako, don dai in riƙa ganinki.