Tagar Gidan Usta Rustem

"Sun kama shi, Dilruba! Sun kama Baturenki!"

Burushi ya suɓuce daga hannunta. Ta juyo ta dubi yayarta Nigar, wadda ke haki a bakin ƙofa.

"Matteo?"

"Kina da wani ne bayan shi? Kenan ya kai ƙara gaban alƙalin Galata, wai ɗan leƙen asiri ne, ganuwa yake zana wa abokan gaba!"

Kenan ɗan baffansu ne. Sau biyu yana neman aurenta, sau biyu tana ƙi.

Shekara biyu ke nan da Matteo ya zo daga Venis. Kullum yana saman hasumiyar Galata yana zana Istanbul kakaf, ya sassaƙa a farantan tagulla, ya buga a takarda. Wajen mahaifinta Usta Rustem, wato babban gwanin zane, yake kawowa a sa launi, ita ce kuma mai sawa. Ta bayan labule ta gyara masa karyayyen Turkancinsa, shi ya koya mata yadda ake sa abu ya yi nisa a takarda. Ba su ankara ba so ya shiga.

Ta naɗe zanen Matteo da take sa wa launi, ta figi mayafi.

"Baba zai yanka ki!" in ji Nigar.

"Ya yanka!"

Zauren alƙali cike yake. Ga Matteo tsakanin dakaru biyu, ga Kenan yana murza gashin baki, ga mahaifinta a gefe.

"Me ya fito da ke?" Usta Rustem ya daka mata tsawa.

Ta durƙusa ta warware zanen, ya miƙe tun daga ƙafar alƙali har bakin ƙofa. Ƙubbobi, hasumiyoyi, jirage a kan ruwa... Jama'a suka yi ta salati.

"Allah ya gafarta Malam, a duba ganuwar," ta ce. "Ko igwa ɗaya babu. Ƙofofi biyu ma ya manta da su!"

Alƙali ya sa gilashi, ya sunkuya, ya daɗe yana bi.

"Lallai ganuwar nan aikin ganin dama ce," ya ce. "Amma wannan tagar fa? Ga tukunyar fure, ga yarinya riƙe da burushi, har zoben hannunta! Ko fadar Sarki ba ta sami wannan gata ba. Gidan wa ne?"

Dilruba ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Wata shida tana aiki a kan zanen, ba ta taɓa lura ba.

"Gidana ne," Usta Rustem ya faɗa da ƙyar.

Dariya ta ɓarke a zauren.

"Leƙe kam ya yi," in ji alƙali, "amma ba na asiri ba. Ku sake shi. Kai kuma Kenan, sharri gare ka, fita!"

Usta Rustem ya taso yana huci. "'Yata ba za ta auri wanda ba ya sallah ba!"

Matteo ya durƙusa gabansa. "Usta, wata huɗu ke nan da na karɓi shahada, limamin unguwarku shaida ne. Na ɓoye ne don kada ka ce dabara ce."

"Da gaske?" Dilruba ta faɗa da ƙarfi, ta manta inda take.

"Da gaske, hasken idona."

"Kai! A gabana?" in ji Usta Rustem.

Tsohon ya dubi 'yarsa, hawaye sharkaf tana murmushi. Ya dubi zanen, ya daɗe. Shi ma mai zane ne, ya san kwana nawa taga irin wannan ke ci.

"Ka goge ta daga tagullar nan kafin duk Turai su ga 'yata," ya ce. "Sannan ka zo ranar Juma'a, da liman."

Ranar Juma'a aka ɗaura. Matteo ya goge tagar kamar yadda aka ce, amma takardar farko Dilruba ta ƙi bayarwa. Ko mahaifinta bai nema ba.