Igiyar Da Aka Goge Daga Gunki

A dandalin garinmu, can gabashin Aljeriya, Buzid mai walda ya fara ganin Wardiya, ma'aikaciyar gidan tarihi. Tana auna gunkin tagullar da Faransawa suka bari: janar a tsaye, wani Balarabe durƙushe yana riƙe da hannunsa.

"Malama, awon me kike yi? A fasa shi kawai."

"Wa ya tambaye ka?"

"Wanda ke durƙushen nan kakana ne."

Ta ɗago ta dube shi. Daga ranar kullum sai ya biyo ta dandalin, alhali ba hanyarsa ba ce.

Da manyansa suka je tambayar aurenta, mahaifinta Si Rabah, wanda aka kashe wa uba a yaƙin 'yanci, ko kofi bai ba su sun sha ba.

"Gidan da suka durƙusa wa janar? Ku tashi."

Buzid ya aika mata saƙo: "Hasken idona, gobe zan kai wa gunkin nan guduma, ko a ɗaure ni."

Ta amsa: "Uban zuciya! In aka ɗaure ka, wa zan aura? Ba ni mako guda."

Ta yi ta tonon akwatunan da Faransawa suka bari har ta samo hoton ranar da aka zana siffar. Ga tsohon nan durƙushe, an ɗaure masa hannu da igiya, soja na tsaye a bayansa da bindiga. Mai sassaƙa ne ya goge igiyar.

Ta kai wa hukumar gari hoton, aka sa hannu a gyara gunkin. Ranar kasuwa, da rana tsaka, Buzid ya yanke janar daga gindi, janar ɗin ya faɗi rub da ciki. Sannan ya ɗauko igiyar ƙarfe ya liƙa wa kakansa a wuyan hannu, yadda take a hoton.

Si Rabah ya ratso taron, ya daɗe yana duban hoton.

"Shekara sittin ina tofa wa fursuna yawu," ya ce. "Ɗana, miƙo gudumar."

Sau uku ya sauke ta a fuskar janar. Ya juyo yana haki.

"Ka ce wa manyanka su dawo. Akwai kofi."

Bayan girbin zaitun aka ɗaura aure. An ci kuskus, mata sun yi guɗa har muryoyi suka dishe.

"Ka huce, uban zuciya?" in ji amarya.

"Saura dai kaɗan."

Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su zuriya mai albarka.